Maginin da ya tafi bikon fili

Ranar sadakar uku ta wan mijina, ga waɗanda suka zauna a gidan, don kada gobe wani ya ce da shi aka yi alhali ba a ga ƙeyarsa ba. A zaure akwai liman da na'ibinsa, da mai unguwa, da babban ɗan mamacin mai tuƙa mota tsakanin Jega da Yawuri, da ƙannensa biyu, da surukinsu mahauci, da magina huɗu da suka koyi riƙon tubali a hannunsa, yanzu duk sun yi furfura. Dangin uwarsa na Gumbin Kure sun aiko mutum uku. A cikin gida akwai matarsa, wato facalata, tana takaba a ƙuryar ɗaki, da 'ya'yansa mata, da ƙanwarsa da ta taso daga Maiyama da ciwon ƙafarta, da ni, da ɗiyata. Sai matan unguwar Bakin Gari, waɗanda ba dangi ba ne amma sun fi dangi cika tsakar gida. Na ƙarshen isowa, rana ta riga ta ɗaga, shi ne wani Alhaji mai fataucin albasa daga Aliero, wanda bai haɗa jini da mu ta ko'ina ba. Da aka ce motarsa ce ta tsaya, matan Bakin Gari suka dubi juna.

Kowa da irin kukansa. Facalata ba ta zubar da hawaye gaban mutane ba, sai dai ta riƙa tambaya ko an shigo da igiyar awonsa daga bayan gida, kada gara ta ci ta. Ƙanwarsa ta yi kuka har muryarta ta dishe, tana faɗa wa duk wanda ya shigo cewa tun suna yara ba ya zama ya ci abinci a natse, kamar wannan ne ya kashe shi. Maginan nan huɗu kuwa, ana tsakiyar addu'a na jiyo su ta katanga suna gardama ƙasa-ƙasa kan wanda ya fi daɗewa a hannunsa. Matan Bakin Gari kuwa, na san abin da ke ransu, don ɗiyata ɗaya ce daga cikinsu. Ɗakunan da suke kwana a ciki suna kan filin da takardarsa ke hannun wannan Alhajin. Abin da ya hana shi rushe su shekara bakwai magana ce kawai, wadda ya yi da mutumin da muka binne shekaranjiya, kuma a cikinmu ba wanda ya san abin da suka faɗa wa juna. Yanzu ɗaya ya tafi da rabin maganar, ɗayan ga shi yana cire takalmi a ƙofar zaure.

Wanda ya ba mu aronsa ya karɓi abinsa, kuma duk wanda na lissafa a sama, har da ni, can muka dosa. Allah ya yafe masa, ya yalwata masa makwanci, shi da ya ƙare rayuwarsa yana nema wa mutane wurin kwana.

Ni ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba. Ɗiyar ƙanwata mai koyarwa ce ke rubutawa, ni ina faɗi. In kun ji maganar ta karkata ta yi ta Kanawa, hannunta ne, ba bakina ba.

Ban taɓa kiran sunansa ba, ba kuma yau zan fara ba. Wan miji ne, Baban gida muke ce masa. Tun da na shigo gidan nan na same shi magini, kuma bayan ƙaninsa, mijina, ya rasu, shi ya ce kada in motsa daga ɗakina. Gajere ne mai faɗin tafin hannu, yana ɗingishi da ƙafar hagu tun wata faɗuwa da ya yi daga kan soro, wadda maɗoran Aliero suka ɗora masa. Ba ya wuce katanga bai taɓa ta ba. Ko ta masallaci ce, ko ta gidan wanda ba sa shiri, sai ya shafa, ya ƙwanƙwasa da yatsa, ya kasa kunne. In ya ji abin da bai yi masa ba, sai ya yi sallama ya ce wa mai gidan katangarsa ta yi ciki, ya nemi ƙasa kafin ruwa ya sauka. Wasu su gode, wasu su ce neman aiki yake yi. Na taɓa ganin ya ɗebi ƙasar gini ya sa a harshe. Na tambayi facalata me yake ji a ciki. Ta ce ita ma ta tambaya, ya ce mata gishiri yake nema, don ƙasa mai gishiri ba ta riƙe gini. Na koma ɗaki na ɓanɓari ta bangona na ɗanɗana. Ban ji komai ba sai ƙasa.

Filin da ake ce wa Bakin Gari yana gefen hanyar da ta fita zuwa Maiyama. Ba gonar kowa ba ne, ba gadon kowa ba. Tun zamanin iyayenmu, wata shekara da gulbi ya cika ya cinye gidajen mutanen fadama, manyan gari suka ce su zauna can kafin ruwa ya janye. Wasu suka koma, wasu ba su da abin da za su koma masa. Daga nan ya zama wurin wanda ya rasa wuri: matar da miji ya mutu aka raba gida ba ta sami ɗaki ba, tsohon ɗan dako da ƙarfinsa ya ƙare, mai gyaran takalmi da ya zo cin rani ya kasa komawa. Baban gida ya gaji kula da wurin daga ubansa, ba rawani, ba albashi. Dokokinsa kaɗan ne. Ba a gini da bulo sai da tubali, don kada wani ya zuba dukiya ya fara jin nasa ne. Ba a sayarwa, ba a ba da haya. Wanda Allah ya buɗa masa ya tashi, zai bar ƙofa da azara wa mai zuwa. In za a yi sabon ɗaki gayya ake kira, maza su kwaɓa ƙasa, mata su ɗebo ruwa, shi ya ɗora tubalin farko da na ƙarshe. In an gama yakan tsaya bakin ƙofa ya ce wa mai shiga, "Ɗakin ga ba naka ba na, ba nau ba na. Kwana anka ba ka, shiga ka kwan."

Na sha mamakin abin da yake samu a wannan aikin. Ba su biyansa, wasu ko godiya ba su iya ba. Akwai wani da ya tashi ya tafi da ƙofar a ka. Baban gida ya bi shi har tasha da ɗingishinsa, ya sauko da ita daga bayan mota, ya kuma taya shi ɗaure sauran kayansa, ya yi masa addu'ar sauka lafiya.

Faɗanmu da shi ya zo ne bayan an yanke mana jiha daga Sakkwato. Birnin Kebbi ta zama babban birni, Jega ta cika da motoci da baƙi, ƙasar bakin hanya ta yi daraja. Abin da da can ake ba mutum da goro da godiya, sai aka fara maganarsa da takarda. Labari ya zo cewa mutanen ofis za su yanka filayen bakin hanya fuloti-fuloti su sayar, da abin da aka samu a haƙa wa gari rijiyar burtsatse a gyara magudanar ruwa. Zan faɗi gaskiya ko da ba ta yi mini kyau ba: ina cikin masu cewa a sayar. Ɗana yana gyaran babur a lokacin, yana ɗakin haya da matarsa, yana mafarkin fuloti mai takarda wanda ba mai tashinsa. Ni kuma na gaji da jan guga a rijiyar da ke ƙafewa kowace bazara. A ganina, bai kamata gari guda ya zauna da ƙishirwa saboda 'yan ɗakunan ƙasa ba.

Mace ba ta yi wa wan mijinta gardama fuska da fuska. Don haka na sami facalata tana tankaɗe a tsakar gida, shi yana zaune bayan zana yana tufkar igiya, na ɗaga murya na zayyana mata duk abin da ke raina. Na ce mata wasu mutane sun tsufa suna riƙe da abin da ba nasu ba, suna hana yara ci gaba. Na ce mata mutanen Bakin Gari sun ji daɗin zama ne, shi ya sa ba su tashi.

Ya bari na gama, sannan ya yi gyaran murya ya ce wa matarsa, "Hwaɗa ma mai magana, rijiya abin so ta. Amma in anka sai da hilin, wanda anka tasa, in ya ɗebo ruwan ina za shi kai shi?"

Na ce wa facalata ta faɗa wa mai tambaya cewa ba shi ya haifi mutanen duniya ba. Ya ce ta faɗa mini ya sani, shi ya sa bai ce zai ciyar da su ba, inuwa kawai ya ce. Facalata ta ajiye rariya ta ce mu biyun duk muna jin juna, mu bar ta ta yi tankaɗenta. Wata guda tsakanina da shi sai ina kwana.

Damina ba ta fita ba mijin ɗiyata ya rasu a garinsu, Liba. Da aka raba gado, gidan ya yi wa magada kaɗan, abin da ya faɗo wa marayunta bai kai ɗaki ba. Bayan ta fita takaba ta iso mini da yara huɗu da tukwane. Ɗakina ɗaya ne. Muka yi mako muna kwana kamar buhunan gero a rumbu. Ban roƙi kowa ba, bakina ya yi nauyi. Ranar Laraba sai na ji ana shelar gayya a Bakin Gari. Abu ɗaya kawai Baban gida ya aiko facalata ta tambaye ni: ƙofar gabas za ta kalla ko arewa? Na ce arewa, saboda ruwan gabas. Ya aiko cewa na yi daidai. Bai tuna mini maganar rijiya ba, ko sau ɗaya, har ya koma ga Allah. Da ya tuna mini, da na fi samun sauƙi.

Kan maganar sayar da filin kuwa, ya je ofis, shi da mai unguwar wancan lokacin. Abin da ya kai musu, kamar yadda mai unguwa ya ba da labari, shi ne: in hukuma na da ƙarfi, ta gina ɗakuna da kanta a wurin ta zuba talakawa, ko da za ta riƙa karɓar ɗan abin da ba zai karya su ba. In ba ta da ƙarfi, ta bar ƙasar kawai, hannu akwai. Wanda suka samu saurayi ne mai ladabi, har ruwa ya sa aka kawo musu. Ya bayyana musu cewa gidajen da ake ginawa na ma'aikatan da aka dawo da su daga Sakkwato ne, su ma ba su da wurin kwana, cewa duk ƙasar da ba ta da takarda ta hukuma ce, kuma in ba a sayar ba babu abin da za a yi rijiyar da shi. Baban gida ya dawo bai zagi kowa ba. Ya dai yi kwanaki yana tambayar duk wanda ya zauna kusa da shi yadda ake ɗauke ƙasa a sa ta cikin takarda, ita kuwa tana nan inda take. Ni ma tambayar ta dame ni, amma ban bari ya sani ba.

Wata safiya ina ɗakin ɗiyata masu awo suka iso, su uku, da wani ƙarfe mai ƙafa uku da ake leƙawa, da 'yan guntayen turakun siminti a bayan mota. Kafin su sauke kaya an kira Baban gida. Ya gaishe su da mutunci, ya tambayi babbansu me za su dasa.

"Bikon ne, Baba," in ji shi.

"Biko?" Baban gida ya waiga ya dubi matan da suka taru. "Wa tay yi yaji?"

Mai awon ya yi dariya har ya dafa mota. Ya ce ba wannan bikon ba, sunan turken ne da Turanci, shi ke nuna iyakar fuloti. Mata suka kwashe da dariya, har waɗanda za a tasa. Ni ma na yi, ba zan ɓoye ba. Shi bai yi ba. Ya tsuguna ya shafa turken, ya ƙwanƙwasa shi kamar yadda yake yi wa katanga, ya daɗe yana kallonsa. Ni kuwa na matsa na ce wa mai ƙarfen sai na leƙa na ga abin da yake gani da mu ba mu gani. Ya kauce mini. Na sa ido, sai ga akuyar ɗiyata ƙafafu sama, kai ƙasa. Na ce masa in haka suke ganin gari, ba mamaki.

Aka sayar. Ɗana bai sami ko taku ɗaya ba, abin ya fi ƙarfinsa tun daga bakin ƙofa. Rijiyar dai an haƙa ta daga baya, ina shan ruwanta har yau, ban ce ba ta da amfani ba. Layin Bakin Gari gaba ɗaya ya faɗa hannun Alhajin nan na Aliero, wanda ke son gina shaguna da ɗakunan ajiyar albasa a bakin hanya. Bai zo da 'yan sanda ba. Ya aiko da sallama cewa ya ba su har bayan kaka su nemi wuri. Ɗiyata ta fara ɗaure tukwanen da ba ta daɗe da kwancewa ba.

Sai ga Baban gida ya aika kasuwa a sayo masa ƙwaryar goro fari da turmin zane. Ya sa rigarsa ta Juma'a ranar da ba Juma'a ba. Babban ɗansa ya tare shi a zaure yana tambayar inda za shi, ni ina jinsu ta katanga.

"Yaron ga mai awo gaskiya yah hwaɗi, ku ka dariya," ya ce. "Ƙasa ta yi yaji. Biko za ni."

Ɗan ya shigo cikin gida ya ce wa uwarsa tsufa ya fara taɓa Baba. Ba wanda ya raka shi. Ya dawo da la'asar ba goro ba zane, ya wuce Bakin Gari kai tsaye, ya tara su ya ce, "Ta dawo. Amma ba ta kwance kaya ba, kowa shi yi hankali." Iyakar abin da ya faɗa ke nan.

Kaka ta wuce, ba a rushe ba. Wata ta zo ta wuce. Turakun simintin suna nan, mata suna ɗaure awaki a jikinsu. Ni kuwa abin ya tsaya mini a rai. Ni ce a gidan nan ake cewa ko kaza ta canja wurin ƙwai sai na sani, amma na kasa gano me tsohon nan ya ba attajiri har ya haƙura da abin da ya saya. Na aika tambaya ta bakin facalata, ya ce ta faɗa mini an gaishe ni. Na zaci gonarsa ta Sabiyal ya ba da. Na sami dalilin zuwa suna can, na je na duba da idona, gona na nan, ɗan ƙanwarsa na noma ta. Na zaci asiri ne, amma mutumin da ko laya ba ya ratayawa, ina zai samo shi? Shekara bakwai ina wannan lissafin a raina ban fitar da komai ba.

To, ranar sadakar ukun nan, bayan an shafa fatiha an raba waina, Alhajin ya nemi izini ya yi wa mai takaba gaisuwa. Aka shimfiɗa masa tabarma a bakin ƙofar tsakar gida. Shi ma tsoho ne, ya fi yadda nake zato, yana dogare da sanda. Ya yi gaisuwa, facalata ta amsa daga ciki. Ya yunƙura zai tashi, na ce ya dakata, ina da tambaya. Ya ce, to Hajiya. Na ce ban je ba tukuna, Inna ta isa. Na ce masa wanda zan tambaya ya tafi, saura shi, kuma ban san ko zan sake ganinsa ba: me aka yi a Aliero ranar nan?

Ya koma ya zauna. Ya ce ranar yana gaban rumbunansa ana ɗinkin buhuna, sai ga wani gajeren tsoho ya yi sallama ya ajiye goro da zane. Ya ɗauka roƙo ya zo, ko ƙara. Sai tsohon ya ce shi ba saye ya zo ba, ba shari'a ya zo ba, biko ya zo. Ya ce ƙasarsu ce ta yi yaji ta taho gidan Alhaji, kuma laifinsu ne, sun zauna da ita shekara da shekaru ba su yi mata takarda ba, ba su san tana so ba. Ya ce ta bar yara a gida, ga marayu, ga tsofaffi, a yi haƙuri a ba shi ita su koma.

Alhajin ya ce ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, masu ɗinkin buhu suka bar aiki suka zagaye su. Da ya ga abin ya zama wasa, sai shi ma ya shiga, ya gyara zama kamar uban yarinya, ya yi faɗa, ya ce ba a kula da ita, an bar ta da awaki. Tsohon ya sunkuyar da kai yana cewa a yi haƙuri, ba za a ƙara ba. Daga ƙarshe, don a rufe wasan yadda ake rufe shi, ya faɗi abin da kowane uba ke faɗi in dattijo ya tako har gida: ku tafi, za ta dawo.

"Inna, ina rufe baki sai nig ga ya ɗago kai, ba dariya ga huskatai. Yac ce, Alhaji, ka hwaɗi gaban mutane, kuma Allah ya ji. Nan nis san an kama ni."

Ya ce ya kwana uku yana neman hanyar warware maganar bai samu ba, don duk kasuwar albasa ta ji cewa ya karɓi goron biko, matarsa kuma ta riga ta kai zanen wurin tela. Ya ce a ransa bari ya ba su shekara ɗaya. Shekara na zagayowa, an gama cire albasa, sai ga tsohon da wata ƙwaryar goro, wai ya zo godiya, ya kuma ji ko akwai wani laifin da aka yi. Kafin ya tafi ya shafa bangon ɗakin mahaifiyar Alhajin, ya ce ya yi ciki, ya cire riga ya yi masa yaɓe. Haka kowace shekara. Bai taɓa fashi ba, bai taɓa karɓar ko kuɗin mota ba.

Facalata ta yi magana daga cikin ɗaki, ta ce ai ce mata yake yi za shi a duba masa ƙafa wurin maɗora. Ni ma abin da na sani ke nan. Duk shekara ina kallonsa yana fita da rigar Juma'a, ina cewa a raina ƙafar nan ta ƙi jin ɗori, ban taɓa tambayar kaina wane maɗori ne ake sa wa rigar Juma'a ba.

Alhajin ya ce bana ya ga an cire albasa an gama bai zo ba, sai labarin rasuwa. Ya ce shi dai muddin yana numfashi ba zai ci maganarsa ba. Amma mu dube shi, shi ma ya kusa. Yana da 'ya'ya maza uku, su ke riƙe da kasuwancin yanzu. Sun san akwai takarda a akwati, ba su san akwai magana ba, don lokacin da aka yi ta ba sa wurin, daga baya kuma sun ɗauke ta labarin ban dariya. Bai ce mu yi komai ba. Ya dafa sandarsa ya tashi, ya ce shi dai ƙofarsa ba ta rufe ba.

Da yamma na kira babban ɗan mamacin. Na ce masa ya ji abin da aka ce, ubansa ya bar aiki a tsakiya. Ya ce, Gwaggo, a bari a yi arba'in tukuna, ba a fita da irin wannan ana cikin zaman makoki. Ya ce kuma zamani ya wuce maganar baki, in za a yi a nemi mai ilimi ya rubuta wa ofis. Mai unguwa ma aka ce haka ya gani. Ban ce ba su da gaskiya ba. Na dai tambaye shi ko akwai wanda ya ba shi tabbacin Alhajin zai kai arba'in ɗin. Ya ce zai duba.

Na zauna na duba nawa. Baban gida ya fi ni haƙuri, ya fi ni dabara, amma ya yi kuskure ɗaya. Shekara bakwai yana zuwa wurin uba, bai taɓa cewa a kira 'ya'ya ba. Ya manta cewa ba shi kaɗai ne zai mutu ba.

Washegari ina idar da sallar asuba na yafa mayafina, na biya kasuwa na jira mai goro ya buɗe, na sayi ƙwarya guda, na zaɓe da hannuna. Ban gaya wa kowa ba sai facalata. Na shiga motar Aliero tsakanin buhuna, na sauka rana ba ta yi zafi ba, warin albasa ya nuna mini hanya. Na sami Alhajin a kan tabarma gaban rumbunansa. Ya gan ni ya ce, Inna, tun yau? Na ajiye goron na ce ba wurinsa na zo ba, nasa na riga na ji. 'Ya'yansa nake so, su ukun.

Ya dube ni, ya aika. Biyu suka zo nan da nan. Ƙaramin aka ce yana wurin lodin mota, ba zai samu ba. Na ce ba ni da sauri, na karya kumallo kafin in taho. Muka zauna har ya iso yana share gumi, fuska a ɗaure. Uban ya ba su labarin daga farko, wannan karon ba dariya. Ya ce musu filin Bakin Gari ya bar shi ga masu kwana a kai da waɗanda za su zo bayansu, ba a sayarwa, ba a rushewa, kuma zai sa a rubuta kafin mako ya fita. Na ce rubutu aikinsu ne, su yi, ni kunne na kawo.

Babban ya ce ya ji, Allah ya ba da lada. Na biyun ya ce shi ma ya ji. Ƙaramin ya kalli ƙasa ya motsa leɓe.

Kunnena lafiyarsa lau, na ji abin da ya ce. Amma masu ɗinkin buhu suna nesa, su ba su ji ba. Na kama kunnena na karkato.

"Ɗana, na tsuhwa. Ɗaga murya."

Ya dubi ubansa, ya dubi mutanen da suka tsaida allura suna kallo.

"Na ji, Inna," ya ce, yadda har na bayan rumbu suka waigo. "Na ji, na yarda."